Gorar Sanitaiza a Ƙofar Masallacinmu

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a cikin birnin Kano. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da 'ya'yanta uku, aka ba ta ɗakin da ke kusa da soro. A watan Afrilun 2020, idan ta taso daga aiki ba ta shigowa cikin gida kai tsaye. Takan tsaya a soro ta tuɓe takalmi, ta zaro 'yar kwalba daga jaka, ta tsiyaya a tafin hannu, ta yi ta murzawa. Autarta, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba a lokacin, takan sheƙo da gudu tana "Oyoyo Umma!" Sai Yaya ta tare ta da gwiwar hannu ta ce, "Tsaya nan, ban gama ba." Yarinyar ta tsaya tana kallon hannun uwarta har ya bushe. Ko bayan ya bushe ma, sai Yaya ta wuce makewayi ta yi wanka ta sauya kaya, sannan ta ɗauke ta.

Ni a lokacin gani nake ta cika tsanani, domin sanitaiza ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san shi tun 2014, shekarar da wani mutumin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ranar 20 ga Yuli ɗauke da cutar Ebola, likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. A makonnin nan ne aka fara tare mu a ƙofar banki ana ɗiga mana wani abu mai sanyi a hannu. A makonnin nan ne kuma 'yan'uwa suka riƙa tashinmu da waya tun kafin asuba, wai a yi wanka da ruwan gishiri. Ebola ba ta iso Kano ba, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Abin da ta bar mana shi ne wata 'yar al'ada: a ɗiga maka, ka haɗa tafi da tafi sau biyu, ka wuce. Da wannan guntun sani na shiga shekarar korona.

An samu mutum na farko da ke ɗauke da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Makarantar sakandaren da nake koyarwa an rufe ta a ƙarshen Maris. Ranar 11 ga Afrilu aka ce ta ɓulla a Kano, ranar 16 aka sa dokar kulle, ranar 24 muka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu na zaman gida. A farkon Mayu gwamnati ta sassauta ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awoyi domin mutane su fita cefane.

A irin wannan Alhamis ɗin ce na dawo daga 'Yankaba da buhun kayan miya a kan babur. Na sauke a soro, na ɗauki kwalbar da ke kan taga, na ɗiga ɗigo ɗaya, na shafa, na goge sauran danshin a gaban rigata. Ashe Yaya tana zaune a bakin ƙofarta, ranar aikin dare take.

"Malam, zo nan. Me ka yi yanzu?"

"Sanitaiza na sa, Yaya."

"Buɗe hannun in gani."

Na buɗe. Ruwan tumatir ya bushe a tsakanin yatsuna, ƙasar albasa ta shiga ƙarƙashin farce, ga baƙin da tsofaffin takardun kuɗi suke barwa mutum a tafi. Ta ce wannan hannun ba sanitaiza yake buƙata ba, sabulu yake buƙata. Duk hannun da ido ke ganin datti ko maiƙo a kansa, sinadarin ba ya ratsawa ya kai ga fata. A kan dattin yake ƙarewa. Ta sa ɗanta ya kawo buta da sabulu, na wanke, ta ba ni tsumma mai tsabta na tsane sosai. Sannan ta ce, "To yanzu a ce ka taɓa ƙofar banki ne ko ka karɓi canji, hannunka ba datti, ba kuma ruwa a kusa. Miƙo."

Ta sa na lanƙwasa tafin hannu kamar mai tarar ruwa daga bakin buta, ta tsiyaya har ramin tafin ya cika. Na ce ai wannan ɓarna ce, ga yadda kuɗinsa ya ninka a Sabon Gari. Ta ce ɓarnar ita ce ɗigon da na sa ɗazu, domin kuɗin ya tafi kuma bai yi aikin komai ba. Ta zuba a nata hannun, ta ce in bi ta. Tafi da tafi. Sannan tafin dama a kan bayan hagu, yatsu na shiga tsakanin yatsu, a juya a yi wa ɗayan. A sake haɗa tafi da tafi a sarƙe yatsu. A dunƙule yatsu a murza bayansu a cikin tafin ɗaya hannun. A kama babban yatsa a murɗa shi cikin dunƙulen hannu, dama da hagu. A ƙarshe a tattara kan yatsu wuri guda a murza su a tsakiyar tafi, saboda farce. Muna cikin yi na ce mata ai wannan tsattsefe yatsu ne irin na alwala. Ta ce haka ne, kuma inda mutane suka fi mantawa shi ne babban yatsa da kan yatsu, alhali da su ake ɗaukar komai, da su ake sosa ido da hanci.

Sanyin ya ratsa hannuna, ina ta murzawa, ga shi bai bushe ba. Na yi kamar zan yarfe. Ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kar ka yarfe, kar ka goge, kar ka hura. Ci gaba har ya bushe da kansa. Sakan ashirin zuwa talatin. In ya bushe kafin ka ƙirga ashirin, to kaɗan ka sa."

Ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa ɗalibaina. Ƙwayar korona tana lulluɓe ne da wani siririn ɓawo na kitse, kuma a jikin ɓawon nan ƙayoyin da take maƙale wa mutum da su suke. Alkohol yana narkar da wannan ɓawon, ya lalata abin da ke ciki. Amma sai ya kai wani ƙarfi, sai kuma ya ɗan jima a kan fata yana jiƙe. Ƙarfin shi ne aƙalla kashi 60 cikin 100. Ta juya kwalbar ta nuna mini inda aka rubuta 70, da lambar NAFDAC a ƙasa. Na tambaye ta me ya sa ba a yi shi kashi ɗari ba a huta. Ta ce tsantsar alkohol ya fi saurin tashi, kuma sai da ɗan ruwa a cikinsa yake iya ratsa ƙwayar cuta ya kashe ta. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Ruwan da ya yi yawa yana kashe amfaninsa, rashin ruwan gaba ɗaya ma yana rage shi.

Ni na ɗauki darasi a yini ɗaya. Baba ne ya ba mu wuya.

Baba ya haura shekara saba'in, tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Ranar da Yaya ta fara miƙa masa kwalbar, ya shinshina ya kawar da kai. Ya ce, "Wannan warin giya ne. Tun da uwata ta haife ni giya ba ta taɓa jikina ba, ba kuma a cikin azumi zan fara ba. In shafa najasa in ɗaga hannu in yi kabbara?" Yaya ba ta ja da shi ba. Ta ce, "Baba, in kana gida ka wanke da sabulu, ya wadatar, ya ma fi." Damuwarta ita ce waje, domin a makonnin nan Baba ba ya zama. Jana'iza ce ke fitar da shi.

Wanda bai zauna a Kano a Afrilun nan da farkon Mayu ba, zai yi wuya ya gane yadda abin ya kasance. Da asuba sanarwar rasuwa, da azahar wata, bayan la'asar wata. Yawancinsu dattawa ne, sa'o'in Baba, masu hawan jini ko ciwon suga, wasu kuwa zazzaɓi ne na kwana uku da sarƙewar numfashi. Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe, masu haƙan kabari suna cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an bincika mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama suna da nasaba da korona. Mu a lokacin ba mu da wannan lissafin, makara kawai muke gani tana fita tana dawowa. Dokar kulle ba ta hana Baba zuwa sallar gawa ba, kuma a can za a yi musabaha da mutum hamsin, a kama makara, a dafa kafaɗar masu karɓar gaisuwa, a dawo ana share hawaye da hannun nan.

Cikin waɗanda suka tafi har da amininsa, wanda suke zama a dakalin ƙofar gidanmu kullum bayan la'asar fiye da shekara talatin. Ranar Talata ya ce jikinsa ba daɗi, ranar Asabar aka kai shi. Ba a yi masa gwaji ba. Da Baba ya dawo daga maƙabarta ya zauna a soro ya yi shiru, Yaya ta durƙusa a gabansa da buta da sabulu ta wanke masa hannu da kanta, kamar yadda take wanke wa autarta. Bai ce komai ba.

Ni na je na sami limamin unguwarmu na roƙe shi ya zo ya yi wa Baba ta'aziyya, ya kuma taɓo masa wannan magana. Ya zo bayan sallar la'asar, suka zauna nesa da juna a kan tabarma biyu. Baba ne ma ya fara tambaya: "Allah gafarta Malam, wannan abin da yaran nan ke shafawa, ya halatta a yi salla da shi?" Liman ya ce abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin shan abin da ke sa maye. Game da taɓa shi kuwa, malamai sun yi magana tun da daɗewa, wasu na ganin giya najasa ce, wasu na ganin ƙazantarta ta ma'ana ce. Wannan kuma ba giyar da aka dafa don sha ba ce, sinadari ne da aka haɗa don kashe cuta, ɗan'uwan sifirit ɗin da ake goge wa mutum dantse da shi kafin a yi masa allura. Ya ce Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da alkohol a wanke ciwo da kashe ƙwayoyin cuta a bayan fata. Sannan ya tambayi Baba, "Alhaji, allurar da aka yi maka kafin ka tafi aikin Hajji, da me aka goge wurin?" Baba ya yi ɗan murmushi, na farko tun rasuwar amininsa. Liman ya zaro tasa kwalbar daga aljihu, ya cika tafinsa, ya murza a gaban Baba har ya bushe, ya ce da wannan hannun zai yi sallar magariba. Wannan ya fi duk hujjojin tasiri a wurin Baba.

Ranar Litinin 18 ga Mayu gwamnatin jiha ta ba da izinin a yi sallar Juma'a da ta Idi, bisa sharaɗin sa takunkumi da tsaftace hannu. Kwamitin masallacin Juma'armu ya zauna a daren, aka sa ni cikin matasan da za su tsaya a ƙofa. Wani bawan Allah ya aiko da jarkoki biyu na sanitaiza sadaka, ya saya da kuɗinsa da kyakkyawar niyya. Ruwa ne shuɗi mai ƙamshin lemo, babu takarda a jikin jarkar, babu sunan wanda ya haɗa. A cikin kwamitin akwai wani mai ilimin harhaɗa magunguna da ke da kemis a bakin titi. Ya zuba kaɗan a hannu ya murza, ya jira. Minti ɗaya ya wuce hannun na nan jiƙe, yana danƙo. Ya aika aka ɗauko masa wani dogon ma'auni na gilashi, mai kama da na auna zazzaɓi amma ya fi shi girma. Ya cika wata doguwar kwalba da shuɗin ruwan, ya saki ma'aunin a ciki yana lilo, muka zagaye shi da fitilar waya. Inda ya tsaya yana can ƙasa da 60, ko kusa bai yi ba. Ya ce, "Wannan ruwa ne da turare da ɗan sifirit. Wanda ya shafa shi zai tafi yana ganin ya tsira, gara ma wanda bai shafa komai ba, shi ya san hannunsa ba tsabta."

Wani matashi ya ce ai ana gwadawa da ashana, in ya kama wuta mai kyau ne. Mai kemis ya hana. Ya ce ko ya kama, wuta ba ta bambanta itanol da metanol, shi kuwa metanol guba ne, yana makantarwa, yana kisa, bai halatta a sa shi a abin shafawa ba. Ban manta da wannan magana ba, domin wata guda bayan haka hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara gargaɗin jama'a a kan wasu sanitaiza da aka shigo da su daga Meziko masu ɗauke da metanol.

Da safiyar Talata muka haɗa namu a bayan shagonsa, bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar domin wuraren da na kamfani ke wuyar samu. Ni ne mai riƙe takarda ina karantowa, shi yana aunawa. Itanol mai ƙarfin kashi 96, mililita 8,333. Ruwan haidurojin da ake wanke ciwo da shi, mai kashi 3, mililita 417. Gilisirin, mililita 145, wanda ya yi ta maƙalewa a jikin mazubi sai da aka ɗauraye shi da ruwan haɗin. Sannan aka cike da tafasasshen ruwan da ya huce har ya kai lita 10. Ya ce gilisirin ɗin don kada fata ta bushe ta tsattsage ne, haidurojin kuwa ba don hannu aka sa shi ba, don ya kashe abin da ke iya ɓuya a cikin ruwan da gorunan ne, shi ya sa dole a rufe a ajiye awa 72 kafin a taɓa. Ya saki ma'auninsa a ciki, ya tsaya a wajen 80. Muka ƙirga awoyin da yatsu: safiyar Juma'a daidai. Ya hana kowa kunna ko da ashana a wurin, ya sa aka buɗe ƙofa da taga, ga azumi ga warin yana hawa kai. Ya yi mana lissafi cewa in kowa ya samu kamar mililita uku, lita goman za ta ishi mutum dubu uku da 'yan kai.

Juma'ar 22 ga Mayu ita ce ta ƙarshe a Ramadan, kuma ta farko da aka buɗe masallatai bayan makonni biyar. Mu huɗu aka raba wa ƙofofi, kowa da gora mai matsi. Tun sha biyu mutane suka fara zuwa, wasu suna hawaye don murnar ganin masallaci a buɗe.

Awa ɗaya ta farko na yi aikin yadda Yaya ta koya mini. Ina cewa, "Lanƙwasa hannu, Alhaji. Murza har ya bushe." Abin da na fara lura da shi shi ne masu fitowa daga wurin alwala. Hannunsu na ɗigar ruwa suke miƙowa. In ka zuba mai ƙarfin 80 a kan jiƙaƙƙen hannu, ka surka shi da kanka, ya koma irin na jarkar da muka ƙi. Na riƙa ce musu su tsane hannu tukuna, mai hankici ya yi amfani da shi, wanda ba shi da shi ya ɗan tsaya iska ta busar. Wasu suka tsaya, wasu suka ce sahu zai cika.

Sai wani bakanike da na sani a bakin titinmu ya zo, ya yi wanka ya sa farar shadda, amma baƙin mai na nan a layukan tafinsa da gefen farce. Ya miƙo hannu. Na ce, "Maigida, naka sai sabulu, ga bokiti can." Ya ce, "Malam, wannan baƙin ko da omo ba ya fita." Na ce wanda ya riga ya zama launin fata ba shi ne damuwa ba, maiƙon da ke sama ne. Ya je ya wanke, ya tsane, ya dawo na zuba masa. Ya tsaya a gefe yana murzawa yana kallon yadda nake nunawa, har ya riƙa tare abokansa yana cewa, "Ba haka ba, sa babban yatsa." Shi ya zama na biyar ɗinmu ba tare da kowa ya sa shi ba.

Wani tsoho kuma, da na cika masa tafi, sai ya ɗaga hannu biyu ya shafa a fuska kamar an shafa fatiha. Kafin in yi magana ya shiga idonsa. Muka zaunar da shi, aka yi ta zuba masa ruwa daga buta yana salati, har raɗaɗin ya lafa. Laifina ne, domin ban gaya masa ba, na ɗauka kowa ya sani. Daga kansa na ƙara kalma a bakina: "Hannu kaɗai, ban da fuska."

Wajen ƙarfe ɗaya Baba ya iso, da takunkumin da Yaya ta ɗaura masa. Ya zo ƙofata. Ya miƙa wa jikansa sandarsa, ya lanƙwasa tafi, na cika masa. Ya tsaya a tsakiyar ƙofa, mutane na jira a bayansa, ya bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya a natse, irin natsuwar da yake alwala da ita. Wani sa'ansa da ya riga ya kewaye ni ya ƙi karɓa, ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Alhaji, har da kai?" Baba ya ce, "Na tambayi Malam. Karɓi." Mutumin ya dawo ya miƙo hannu.

Bayan nan taro ya fi ƙarfinmu. Da aka fara huɗuba mutane suka turo ta ko'ina, hannu goma a gabana lokaci guda, na koma ɗiga wa kowa ɗigo ɗigo don layi ya tafi, abin da Yaya ta hana ni shi nake yi da hannuna. Da aka tashi, fiye da rabin abin da muka haɗa yana nan a jarka, kuma na san mutanen da suka shiga sun fi ƙarfin abin da aka zuba. Aka sallame, aka shiga musabaha da rungumar juna, takunkumi a haɓa. Na koma gida jikina a sanyaye na gaya wa Yaya. Ta ce waɗanda suka yi daidai sun amfana, kuma sun gani sun koya. Ta kuma gaya mini abin da daga baya ya ƙara tabbata, cewa wannan cuta ta fi bin numfashi a cikin cunkoso, tsabtar hannu ƙofa ɗaya kawai take rufewa. Na ga mutane da yawa a shekarar nan da suka ɗauki 'yar kwalbar aljihu kamar laya, suna shiga kowane taro da ita ba takunkumi. Wannan kuskure ne, kuma mu masu riƙe gora a ƙofa muna da kaso a cikinsa, domin mun sa mutane sun ji kamar da ɗigon nan an gama komai.

Washegari, jajibirin salla, wata yarinya 'yar maƙwabtanmu mai shekara goma sha biyar ta dawo daga kai niƙa. Ta shafa sanitaiza da yawa kamar yadda aka koya mata, amma ba ta jira ya bushe ba ta ɗauki ashana za ta kunna risho. Wutar alkohol shuɗiya ce, da rana da ƙyar ake ganinta. Ihunta muka ji. Kafin mu shiga ta tsoma hannun a bokiti, uwarta ta fasa ɗanyen ƙwai, wata na neman makilin. Yaya ta hana su duka. Ta zaunar da ita a bakin rariya, ta sa aka yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi, ba na ƙanƙara ba, har kusan minti ashirin, sannan ta rufe da bandeji mai tsabta ta kai ta asibiti. Allah ya taƙaita, bayan hannun dama ne kawai ya tashi, amma da bandeji ta yi sallar Idi ranar Lahadi. Tun ranar Yaya ta kafa ƙusa a soro, sama da inda hannun yara ke kaiwa, ta rataye kwalbar gidanmu a can, nesa da madafa. Ta ce yaro ƙarami in ya kurɓi ko kaɗan ne yana iya galabaita, ga shi wasu ana yi musu ƙamshin alewa. Babban mutum ma ba a sha. A Iran, a farkon shekarar nan, ɗaruruwan mutane sun mutu saboda sun sha metanol bisa jita-jitar cewa yana maganin korona.

Kulle ya ƙare, aka koma makaranta, gorunan ƙofar banki da na masallaci suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. A 2021 amai da gudawa ya ɓarke a Kano da jihohin da ke kewaye, na ji wasu suna cewa a fito da sanitaiza. Yaya ta ce a wannan karon maganar ta ruwan sha mai tsabta ce da sabulu. Bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin a sa hannu a kwano, ruwa da sabulu ne, domin akwai ƙwayoyin gudawa da ba su da ɓawon kitsen nan, alkohol ba ya yi musu komai sosai. Sanitaiza na inda babu ruwa ne, da hannun da ba datti a kansa, da kuma bakin gadon majinyaci, inda ma'aikacin jinya zai taɓa mutum ashirin a awa ɗaya.

A 2023, shekarar da mashaƙo ya addabi yaran Kano, Baba ya kwanta a wani asibiti na kwana tara saboda ciwon ƙirji. A jikin bangon ɗakin, kusa da ƙofa, akwai mazubin sanitaiza da aka kafa tun lokacin korona. Na matsa shi a ranar farko, ba komai a ciki sai ƙura a bakinsa, haka kuma yake har muka fita. 'Yan dubiya suna shigowa rukuni rukuni, daga wannan gado su gaisa su wuce wancan. Yaya ta kawo kwalba daga gida ta ajiye a kan lokar Baba. Duk wanda ya shigo ya miƙo hannu za su gaisa, sai Baba ya nuna masa kwalbar da haɓa, da ƙarin ruwa a hannunsa, ya ce, "Cika tafin. Jira ya bushe." Ba wanda ya yi masa musu, har masu jinyar gadon da ke kusa suka riƙa zuwa ara.

Baba ya warke ya dawo gida. Masu kula da asibitocinmu, don Allah a cika mazuban nan da ke jikin bango, an riga an kashe kuɗi an kafa su. Kai kuma mai karatu, in za ka je dubiya, ka tafi da taka kwalbar, ka juya bayanta ka tabbata ta kai kashi 60 kuma da lambar NAFDAC, ka shafa kafin ka taɓa majinyaci, ka sake shafawa in za ka fito.